Zuwa ga Edita: "Kashi 80 Cikin 100" Ba Ya Faɗin Ranar da Aiki Zai Ƙare

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi tsokaci a kan wata jimla da na daɗe ina cin karo da ita a rahotannin ayyukan gine-gine, a jaridarku da ma sauran kafafen labarai. Jimlar ita ce: "Aikin ya kai kashi 80 cikin 100, kuma nan ba da jimawa ba za a kammala shi." Mai karatu yakan yi lissafi a ransa cewa tunda an ci kashi 80 cikin wata takwas, to saura wata biyu ke nan, sai shekara ta zagayo ya sake buɗe jarida ya tarar ana cewa aikin ya kai kashi 85. Ni da na shafe shekaru masu yawa ina tsara jadawalin ayyukan gini kafin in ajiye aiki, na san cewa sau da yawa injiniyan da ya faɗi wannan adadi gaskiya ya faɗa, tambayar da wakilinku ya yi masa ce ba ta taɓa inda matsalar take ba.

Idan aka ce aiki ya kai kashi kaza, galibi ɗaya daga cikin abu biyu ake nufi: ko dai yawan kuɗin da aka kashe idan aka gwada da jimillar kuɗin kwangila, ko kuma yawan kankare da ƙarfe da bulon da aka riga aka ɗora. Duka biyun suna da amfani ga akanta da mai biyan ɗan kwangila, amma babu wanda ke auna kwanakin da suka rage, domin kwanakin da suka rage sun dogara ne a kan wane aiki ke jiran wane, kuma aikin da ake jira yana iya zama ƙarami ƙwarai a kuɗi da a ido. Akwai hanyar da masu tsara ayyuka suke bi don gano wannan tun fiye da shekara sittin da suka wuce, kuma ba ta fi ƙarfin duk wanda ya iya tarawa da ɗebewa ba. Ita nake so in bayyana, domin ina ganin ɗan jaridan da ya fahimce ta zai iya yi wa kowane ɗan kwangila tambayar da ba a kauce mata da murmushi.

Ana farawa ne da farfasa babban aikin zuwa ƙananan ayyuka, kowanne da adadin kwanakin da zai ci. Sai a zana kowane ƙaramin aiki a cikin akwati a kan takarda, a ja kibiya daga akwatin aikin da dole ya ƙare zuwa akwatin aikin da ke jiran sa. Kafin a ja kowace kibiya, mai zanen yakan tambayi kansa ko wanda zai yi aikin da hannunsa: me ya zama dole a gama kafin a fara wannan, me kuma za a iya yi tare da shi a lokaci guda? Idan an gama, abin da ke kan takardar yakan yi kama da raga, da hanyoyi masu yawa da suka taso daga ranar farko suka rabu suka sake haɗuwa har suka isa ranar miƙa aiki. Wannan ita nake kira taswirar ayyuka. Daga cikin hanyoyin nan akwai ɗaya da ta fi kowace tsawo idan aka tara kwanakinta, kuma tsawonta shi ne mafi ƙarancin lokacin da aikin gaba ɗaya zai iya ɗauka. Ita ce sarƙa mai yanke wa'adi, wadda zan riƙa kira sarƙar wa'adi a taƙaice. Duk aikin da ke kanta, idan ya makara da kwana ɗaya, ranar kammalawa ta matsa da kwana ɗaya.

Bari in kawo misali da alƙaluma, don kada maganar ta tsaya a iska. A ce za a gina ƙaramar tashar tura ruwa. Zane da amincewa da shi zai ci kwana 10, kuma babu abin da zai fara sai an gama shi. Daga nan hanya ta rabu uku. Ta farko ita ce ginin kansa, wato haƙa harsashi da zuba kankare kwana 15, sannan bango da rufi kwana 20. Ta biyu ita ce yin odar injin tura ruwan daga masana'anta, wanda ƙera shi da kawo shi zai ɗauki kwana 60. Ta uku ita ce shimfiɗa bututai, kwana 25. Ɗora injin a mazauninsa zai ci kwana 8, amma ba zai yiwu ba sai gini ya kammala kuma injin ya iso. A ƙarshe akwai gwaji na kwana 5, wanda ke jiran a ɗora injin a kuma gama bututai.

Wanda bai saba ba zai tara waɗannan kwanaki duka ya sami 143, ya ce wa'adin ke nan, alhali ayyukan da yawa tare suke tafiya. Abin da ya kamata shi ne a bi kowace hanya ita kaɗai. Hanyar gini, daga zane zuwa harsashi zuwa bango zuwa ɗora inji zuwa gwaji, ta ba da kwana 58. Hanyar bututai, daga zane zuwa bututai zuwa gwaji, kwana 40 ce kawai. Hanyar oda kuwa, daga zane zuwa isowar inji zuwa ɗora shi zuwa gwaji, ta kai kwana 83. To wa'adin aikin kwana 83 ne, kuma abin da ke riƙe da shi wani inji ne da ake ƙerawa a wata masana'anta mai nisa, wanda duk mai ziyartar filin aikin ba zai gan shi ba.

Akwai lissafi na biyu da ake yi daga ƙarshe a dawo farko, kuma a nan ne daɗin hanyar yake. Idan aiki zai ƙare a kwana na 83, dole gwaji ya fara bayan kwana 78, dole ɗora inji ya fara bayan kwana 70. Ke nan bango da rufi suna da har zuwa kwana na 70 su kammala, don haka za su iya jinkirta farawa har bayan kwana 50, harsashi kuma har bayan kwana 35. Amma harsashi yana iya farawa tun bayan kwana 10. Tazarar da ke tsakanin lokacin da aiki zai iya farawa da lokacin da ya zama dole ya fara ita ce rarar lokaci, kuma a nan hanyar gini tana da rarar kwana 25, bututai suna da rarar kwana 43, oda da ɗora inji da gwaji kuwa ba su da ko rabin yini. Ya kamata a lura cewa rarar kwana 25 ɗin nan ta hanyar ce gaba ɗaya, ba ta kowane aiki a kanta ba. Idan masu harsashi suka cinye ta, masu bango za su tarar babu abin da aka bar musu, kuma daga ranar su ma sun hau sarƙar wa'adi.

Yanzu a ce wakilinku ya je wurin a kwana na 45. Zai ga gini tsaye da rufinsa, an binne bututai an mayar da ƙasa, ma'aikata suna shara. Zai dawo ya rubuta cewa aiki ya kusa ƙarewa, kuma duk wanda ya ga hoton zai yarda da shi. Amma idan takardar odar injin ta yi kwana 30 a kan teburin wani jami'i tana jiran sa hannu, aikin ba zai ƙare ba sai kwana na 113, ko da an ninka yawan magina sau goma. Akasin haka ma yana faruwa: wakili ya je a kwana na 30 ya tarar ko harsashi ba a haƙa ba, ya rubuta cewa an yi watsi da aiki, alhali ɗan kwangilar yana cikin rarar lokacinsa, ya kuma yi odar injin tun ranar da ta kamata, wata ƙila ya tura magina wani wurin da aka fi buƙatar su. A labarin farko an yabi wanda ya makara, a na biyu an zargi wanda yake kan lokaci. Haka ake barin jaki ana dukan taiki.

Wannan darasi ni ma sai da na ji a jikina kafin in koye shi. Ina sabon shiga aiki aka ba ni tsara jadawalin wani gini mai hawa huɗu da za a sa wa lifta. A lokacin da fensir da magogi muke yi, a kan wata doguwar takarda da sai an danne gefunanta da duwatsu don kada iska ta naɗe ta. Na zana akwatuna kusan ɗari, na ja kibiyoyi, na yi lissafin gaba da na baya, na shafa wa sarƙar wa'adi jan launi, ina ta jin kaina. Na sa odar lifta a wurinta, na sa kwanakin ƙera ta. Abin da ban sa ba shi ne cewa masana'antar ba za ta taɓa ƙarfe ba sai an auna ramin liftar bayan an zuba shi an aika mata da ma'aunin, aikin da bai wuce na rabin yini ba ga mutum biyu da tef ɗin awo. Na raina shi, na ga bai isa a ba shi akwati ba, kuma tunda ba ya cikin taswira, babu wanda ya ɗauke shi a matsayin nasa. An auna, an rubuta a takarda, takardar ta shiga durowa ta kwanta mako biyar. Ranar da muka gane, shugabana ya tsaya a gaban doguwar takardar tawa, ya ɗora yatsa tsakanin akwatuna biyu inda babu komai, ya ce mini: "Yaro, a nan aikinka ya mutu." A wannan makon ana ta fentin gaban ginin saboda baƙi masu zuwa dubawa, kuma sun zo sun yaba ƙwarai.

Kafin wannan hanya ta samu, abin da aka fi amfani da shi shi ne jadawalin sanduna da ake danganta wa injiniyan Amurka Henry Gantt tun cikin shekarun 1910, inda ake jera ayyuka daga sama zuwa ƙasa, a ja wa kowanne sanda gwargwadon kwanakinsa. Har yau shi ake liƙawa a bangon ofisoshin 'yan kwangila, domin yana da sauƙin karantawa. Rauninsa shi ne a sifarsa ta asali ba ya nuna wane aiki ke jiran wane, don haka idan sanda ɗaya ta matsa ba za ka san sauran da za su bi ta ba. A shekarar 1957 ne Morgan Walker na kamfanin DuPont da James Kelley na kamfanin Remington Rand suka haɗa kai a Amurka suka fitar da hanyar da aka sani da CPM a Turance, wato wannan ta sarƙar wa'adi da na bayyana, suna amfani da kwamfutar UNIVAC wajen lissafi, suka kuma gabatar da bayaninta a rubuce a 1959. Damuwar DuPont ita ce masana'antun sinadarai da dole a riƙa rufe su lokaci-lokaci don gyara, inda kowace awa ta rufewa asara ce. Da aka gwada hanyar a masana'antar kamfanin da ke Louisville a jihar Kentucky, lokacin rufewar ya sauko daga awa 125 zuwa 93, ba don ma'aikata sun ƙara sauri ba, sai don an gano 'yan ayyukan da suke riƙe da sauran aka mayar da hankali a kansu.

Kusan a lokaci guda, a 1958, rundunar sojan ruwan Amurka tare da kamfanonin Booz Allen Hamilton da Lockheed suka fitar da 'yar uwarta mai suna PERT don shirin Polaris, wato makami mai linzami da ake harbawa daga jirgin da ke tafiya ƙarƙashin teku, wanda aka fara harba shi daga ƙarƙashin ruwa a watan Yulin 1960. Bambancinsu shi ne masu gyaran masana'anta sun san kwanakin kowane aiki saboda sun sha yin sa, su kuwa masu Polaris suna ƙera abin da ba a taɓa ƙerawa ba. Don haka suka ce a riƙa ba da ƙiyasi uku ga kowane aiki: idan komai ya tafi daidai, da wanda aka fi tsammani, da idan abubuwa suka cakuɗe. Sai a ninka na tsakiya sau huɗu, a tara shi da na farko da na uku, a raba da shida. A misalinmu, idan injin zai iya isowa cikin kwana 45 in an yi sa'a, an fi tsammanin 60, amma yana iya kaiwa 105 in aka sami tangarɗar sufuri, lissafin zai ba da kwana 65, wa'adin aikin kuma ya koma 88. Hikimar da ke ciki ita ce jinkiri ya fi sauri faɗin fili: abin da zai zo da wuri ba ya wuce 'yan kwanaki, abin da zai makara kuwa ba shi da iyaka sananniya.

Kada a ɗauka wannan matsala ta ƙananan ayyuka ce ko ta ƙasashen da ba su da ƙwararru. Sabon filin jirgin saman Berlin a Jamus an fara gina shi a 2006, an sa ranar buɗewa a watan Oktoban 2011, aka ɗaga zuwa 3 ga Yunin 2012. Ginin ya tsaya cik, an shimfiɗa titin jirage, kamfanonin jirage da masu shaguna sun gama shirin ƙaura, sai a watan Mayun 2012, saura 'yan makonni, aka sanar cewa ba za a buɗe ba, saboda na'urorin kariya daga gobara da zuƙe hayaƙi ba su kai matsayin da hukuma za ta amince da su ba. Ba a buɗe filin ba sai ranar 31 ga Oktoban 2020. Da a ce wani ya auna wannan aiki da awon kankare da gilashi a farkon 2012, da ya ce saura ƙiris. Sarƙar wa'adinsa ta bi ne ta cikin silin, ta wayoyi da bututun hayaƙi da takardar amincewar masu duba lafiyar gini, kuma wannan saura ƙiris ɗin ya ci fiye da shekara takwas.

Taswirar tana kuma amsa tambayar da masu ba da kwangila suka fi yi idan lokaci ya ƙure, wato a ina za a zuba ƙarin kuɗi don a gama da wuri. A tashar ruwanmu, ƙara magina ko sa masu bututai aikin dare ba zai rage ko kwana ɗaya ba, tunda su dama jira za su yi. Inda kuɗi zai yi aiki shi ne a kan injin. To amma a nan ma akwai iyaka da ba kowa ke lura da ita ba. A ce an biya masana'anta ta gaggauta, an kuma ɗauko injin ta jirgin sama, kwana 60 ya koma 30. Hanyar oda ta sauko daga 83 zuwa 53, sai dai aikin ba zai ƙare a kwana 53 ba, domin hanyar gini mai kwana 58 ta zama ita ce mafi tsawo. An sayi kwana 30 an amfana da 25, sauran biyar ɗin injin zai yi su ne a ajiye cikin akwatinsa yana jiran rufi. Sarƙar wa'adi tana ƙaura, kuma duk wanda ya zana ta sau ɗaya a farkon aiki ya rataye a bango bai sake taɓa ta ba, hoto ya rataye. Akwai kuma ayyukan da kuɗi ba ya gaggauta su yadda ake so. Kankare, alal misali, a kwana na 28 ake auna cikar ƙarfinsa bisa ƙa'idar da aka saba, kuma wanda ya ɗora masa nauyi tun bai ƙosa ba zai ga yadda sauri ke haifar da nawa.

Ba zan ɓoye cewa hanyar tana da nata raunin ba, domin na ga an yi amfani da ita an kuma faɗi. Lissafin asali yana ɗauka ne kamar ma'aikata da injuna ba su da iyaka, alhali idan motar haƙa guda ɗaya ce za ta yi harsashi ta kuma yi ramin bututai, ayyukan biyu da takarda ta nuna suna tafiya tare dole su bi layi. A misalinmu rarar lokaci za ta shanye wannan, amma a babban aiki sau da yawa ƙugiyar ɗaga kaya ɗaya ko ƙwararren mai walda ɗaya shi ne ainihin mai yanke wa'adi. Sannan inda hanyoyi biyu suka haɗu akwai haɗarin da lissafin ba ya nunawa: idan kowace hanya tana da damar rabi da rabi ta iso kan lokaci, kuma babu abin da ya haɗa su, damar su iso tare kan lokaci kashi ɗaya ce cikin huɗu. Sai kuma halin ɗan Adam, wanda shi ya fi ba ni wahala. Da zarar ka gaya wa shugaban leburori cewa aikinsa yana da rarar kwana 25, ka ba shi hutun kwana 25 ke nan, zai fara a ranar ƙarshe, kuma ranar ce injinsa zai lalace. Shi ya sa wasu masu tsari suke tattara rarar su ajiye ta a ƙarshen sarƙa a hannun shugaban aiki, maimakon a bar kowa da tasa. Manhajoji irin su Primavera da Microsoft Project, waɗanda suka fito tun cikin shekarun 1980, sun ɗauke mana wahalar fensir da magogi, suna lissafa dubban ayyuka cikin ƙiftawar ido, amma ba za su gaya maka cewa ka manta da awon ramin lifta ba.

Ko shirin Polaris da ake kafa hujja da shi, wani masanin Amurka mai suna Harvey Sapolsky da ya yi nazarinsa ya nuna a 1972 cewa babban amfanin da PERT ta yi wa shugabannin shirin shi ne ta zama garkuwa, suna nuna wa 'yan majalisa da masu bincike zane-zane masu ban sha'awa don a ƙyale su su yi aikinsu. Na kawo wannan ne don wakilanku su sani cewa ganin taswira mai launuka a bangon ofis bai isa shaida ba. Abin dubawa shi ne ranar da aka sabunta ta, da ko shugaban da ke filin aikin zai iya nuna sarƙar wa'adi da yatsansa ba tare da ya kira wani daga ofis ba.

Saboda haka, Malam Edita, roƙona shi ne idan wakilinku ya je duba wani aiki aka ce masa ya kai kashi kaza, ya karɓa ya rubuta, sannan ya tambaya: wane aiki ne a yau idan ya makara da kwana ɗaya ranar miƙa aiki za ta matsa? Idan aka ambaci sunansa, ya tambayi a hannun wa yake, domin sau da yawa ba a hannun ɗan kwangila yake ba, yana iya zama biyan diyyar fili, ko sakin kuɗin zango na gaba, ko ɗauke turakun lantarki daga kan hanya, ko izinin wata hukuma, kuma adalci ne mai karatu ya san wanda ake jira. Ya tambayi kayan da sai an yi odar su daga nesa, ranar da aka yi odar da ranar da masana'anta ta yi alkawari, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Ya kuma tambayi ranar kammalawa da taswirar ta nuna wata uku da suka wuce, ya gwada ta da wadda take nunawa yau. Idan cikin wata uku ranar ta matsa da wata uku, to a kan sarƙar wa'adi ba a yi taku ɗaya ba, komai yawan ƙurar da ke tashi a filin.

Idan kuna ganin zai yi amfani, a shirye nake in zana muku taswirar tashar ruwan nan da akwatunanta bakwai da kibiyoyinta, ku buga ta kusa da wannan wasiƙa, don masu karatu su bi lissafin da fensirinsu su kuma kama ni idan na yi kuskure a wani wuri.

Na gode da wannan fili da ka ba ni.

Naka,
Wani tsohon mai tsara jadawalin ayyukan gini, kuma mai karanta jaridarku.